Matakan sabunta fasfo a Garwa, Marwa da Ngaundere

Fasfon Kamaru shekara 5 yake yi. Duba ranar ƙarewarsa tun kafin ka sayi tikiti, domin Saudiyya da ƙasashe da dama ba sa ba da biza idan ya rage ƙasa da wata 6.

1. Shiga shafin passcam.cm ka cika bayananka. Nan ake yawan tuntuɓe: rubuta sunanka harafi da harafi yadda yake a takardar haihuwa. In takarda ta ce Aboubakar, kada ka sa Abubakar, ko da haka ake kiranka a gida. Harafi ɗaya na iya mayar da kai baya.

2. Biya sefa 110,000 ta Orange Money ko MTN MoMo. Ajiye rasit.

3. Zaɓi cibiya da ranar zuwa, ka buga takardar da ke nuna ranar zuwanka.

4. Ranar, je da kanka da tsohon fasfo, katin ɗan ƙasa da kwafin takardar haihuwa mai hatimin hukuma. Za a ɗauki hotonka da zanen yatsu. Yaro kuma sai da takardar izinin iyaye.

A Yawunde ake buga fasfon, don haka ka bar tazarar makonni, musamman gab da aikin Hajji.