Idan injin gahawarku ya fara ƙara

Jama'a, kafin ku kai wa mai gyara, ku fara duba tankin ruwa.

Yawancin ƙarar nan mai kamar ta janareta, iska ce ta shiga famfon da ke tura ruwa a cikin injin. Famfon ƙananan injuna da ruwa yake aiki, in ya ja iska sai ya yi ta kakkarwa. Ku cika tanki, ku zaunar da shi daram, sannan ku buɗe bututun tururi har ruwa ya fito ba yankewa. Rabin kofi ya isa.

In ƙarar na nan kuma ruwan na fita ɗis-ɗis, farar ƙasar da ruwa ke bari ce ta toshe hanya. Ku narkar da garin sitirik asid cokali 2 a lita 1 ta ruwa. A zuba a tanki, a tura rabi ta cikin injin, a kashe shi minti 20, a tura sauran. Sai ɗauraya da ruwa zalla, tanki biyu. Kada ku yi ƙyuyar ɗaurayar, in ba haka ba gahawar za ta yi tsami. Amma ku duba littafin injin tukuna, domin asid na cin tukunyar dafa ruwa ta cikin injin in ta alminiyam ce.

Wani lokacin ma tiren ƙasa ne kawai ke rawa. Shimfiɗa tawul a ƙarƙashi.

Inda dabarar ba ta aiki: ƙarar ƙarfe daga wajen niƙa ƙwayar gahawa. Wataƙila tsakuwa ce cikin ƙwayar. Ku cire wuta nan take, haƙoran niƙa na da tsada. In kuma famfo na ƙugi ba ruwa ko ɗigo bayan duk wannan, wataƙila ya mutu, sai sauyi.