Kurakuran da Ke Kayar da Marubucin Barkwanci a Talabijin

Kuskuren da ya fi kama sabon shiga wannan sana'a shi ne ɗaukar barkwanci tamkar tarin maganganun ban dariya da ake jerawa ɗaya bayan ɗaya. Irin wannan rubutu yakan yi armashi a kashi na farko, amma kafin a kai na huɗu sai rijiya ta ƙafe, domin babu tauraron da mai kallo ya san halinsa. Dariyar da ke ɗorewa daga hali take fitowa. Idan an riga an san mutum marowaci ne, ganinsa kawai yana laluben aljihu a hankali, yana satar kallon abokinsa ko zai riga shi biya, ya isa ya tada dariya ba tare da ya ce uffan ba. Hanyar gwaji ita ce marubuci ya rufe sunayen taurarin da tafin hannu ya karanta maganganunsu, in ya kasa gane wa ke magana, to aikin bai nuna ba tukuna.

Daga nan sai kafewa a kan zancen da ya ƙi ci. Kafin a fara ɗauka, 'yan wasa kan zauna a teburi guda su karanta rubutun da babbar murya, kuma a nan ne asiri ke tonuwa. Sai ka ga marubuci ya kwana uku yana gyaran jimla ɗaya, an karanta ta ɗaki ya yi tsit, shi kuwa ya hau bayanin inda dariyar take. A ganina barkwancin da sai an yi masa sharhi ya riga ya mutu, don haka a soke shi nan take, a kuma shigo zaman da wasu biyu ko uku a ajiye.

Lokaci ma yana cin mutane. A tashoshin kasuwanci na Amurka, shirin da ake kira na rabin awa bai wuce kusan minti 22 ba idan aka cire talla, saboda haka duk fitowar da ba ta ciyar da labari gaba ba, kaya ce kawai.

Idan marubuci ya zama furodusa, kuskuren kan sauya kama. Jimla ɗaya da ta ce ana ruwan sama a filin wasa cike da jama'a tana iya haɗiye kuɗin kashi guda, alhali ana iya samun dariya iri ɗaya daga mutum biyu da suka shigo ɗaki sharkaf suna zargin juna. Wani kuma yakan kasa sakin alƙalami, ya sake rubuta duk abin da abokan aikinsa suka kawo, har su daina kawowa.

Akwai kuma sa hannu a yarjejeniya ba tare da karanta ta ba, musamman batun haƙƙin mallaka da kason da ake biya idan an maimaita nuna shiri. Wannan kaso, a shirye-shiryen da ake haskawa ta intanet, yana cikin dalilan da suka sa marubutan fim da talabijin na Amurka suka yi yajin aiki na kwana 148 a 2023. Kafin a miƙa rubutu ga kowace tasha, a nemi lauya ya duba wa zai mallaki taurarin idan shirin ya karɓu, da kuma sunan wa zai fito a allo.