Yadda ake zaɓen sandar fatsa don jifan ƙaramin kifin roba a gaɓar Bahar Maliya

Wanda ya saba zuwa Abhur ko Shu'aiba, wuraren bakin teku na yankin Jidda a Saudiyya, bayan sallar Asuba ya san yadda ƙananan kifaye ke watsewa a saman ruwa idan bayad, wani kifi mai farautar ƙananan kifaye, ya afka musu. A irin wannan lokaci kifin roba yana aiki ƙwarai, wato ɗan kifin nan mai laushi da faffaɗar wutsiya wanda ake soka wa ƙugiya mai kan dalma, a jefa, a riƙa jawowa a hankali yana kaɗa wutsiya kamar mai rai. Sai dai da yawa daga cikin 'yan'uwanmu na Jidda da Makka suna sayen sandar da ba tasa ba. Mutum ya shiga shago da tunanin ƙaton kifin hamur a ransa, ya fito da gasaba, wato sandar fatsa, mai kauri irin ta jifan dalma giram 100, ya ɗaura mata abin da bai wuce giram 10 ba, ya jefa da iya ƙarfinsa, abin ya faɗi a gabansa. Nauyin abin da za a jefa shi ke zaɓen sanda, don haka daga nan za mu fara.

Ka ɗauko kifin robar da ka fi amfani da shi, ka soka masa kan dalmarsa, ka ɗora a kan ƙaramin ma'aunin kicin. Lambar da ke jikin ledar ƙugiya nauyin dalmar ne kawai, ba a haɗa da robar ba, kuma a nan mutane ke yin kuskure. Kifin roba mai tsawon santimita 7 zuwa 8 yakan kai giram 4 ko 5, mai santimita 10 kuwa, idan mai ƙiba ne, yakan kai 8 zuwa 10. Ke nan kan dalma mai giram 7 da ƙaramar roba sun kai wajen giram 12, kan dalma mai giram 14 da babbar roba sun haura 20.

Da wannan lamba a hannunka sai ka duba rubutun da ke jikin sandar, sama kaɗan da marikinta. Za ka ga lambobi biyu, misali 5–21g ko 7–28g. Wasu sandunan, musamman na kasuwar Amurka, da oza suke rubutawa: oza ɗaya giram 28 ce da ɗan ɗori, don haka 1/8 giram 3.5 ne, 1/4 giram 7, 3/8 wajen giram 10.5, 1/2 kuwa giram 14. Abin da kake nema shi ne nauyin kifin robarka ya faɗa tsakiyar lambobin nan biyu. Mai giram 12 ya dace da sandar 5–21g. Wanda ke yawan jefa giram 18 zuwa 23 ya ɗauki 7–28g ko 10–30g.

Dalilin haka yana cikin yadda sanda ke jifa. Idan ka kai ta baya ka turo ta gaba, nauyin da ke rataye a kanta ne ke lanƙwasa ta, ita kuma ta miƙe da ƙarfi ta cilla shi, kamar baka da kibiya. Idan nauyin ya yi mata kaɗan ba za ta lanƙwasa ba, sai ya zama kafaɗarka ce kaɗai ke jifa. Jifan ya gajarta, zaren ya fita a sake, ya naɗu a sake, bayan jifa goma ko ashirin ya ƙulle kansa a iska. Idan kuma nauyin ya fi ƙarfinta, kan sandar ya yi ta rawa, saiti ya ɓace, wata rana ya ɓalle a tsakiyar jifa. Kada ka yarda da maganar cewa sanda ɗaya za ta jefa giram 5 ta kuma jefa giram 60. Ko an rubuta haka a jikinta, akwai inda ta fi jin daɗi, kuma kusan kullum a tsakiya ne.

Mataki na biyu shi ne ƙarfin sandar da kuma wurin da take lanƙwasawa, abubuwa biyu ne daban ko da yake ana yawan cakuɗa su. Ƙarfi shi ake nunawa da haruffa: L mara ƙarfi sosai, ML ta ɗan fi ta, M matsakaiciya, MH mai ƙarfi. Ga ƙaramin kifin roba, ML ko M ce wurin tsayawa. A ruwa mai yashi inda babu abin da kifi zai shige, ML ta wadatar kuma ta fi daɗin jifa. A bakin duwatsun murjani, waɗanda ake kira sha'ab, ka ɗauki M, domin hamur da sha'ur da zarar sun ji ƙugiya ƙasa suke nufa, kuma daƙiƙun farko ne ke raba gardama. Idan sandar ba ta da ƙashin bayan da za ta juyo kan kifin, ya shige rami, murjani ya yanke zaren.

Wurin lanƙwasawa kuwa ƙugiyarka ce ke faɗa maka. Kan dalma ƙugiya ɗaya ce mai ɗan kauri, tana bukatar a caka ta da ƙarfi kafin ta huda bakin kifi, saboda haka sandar da aka rubuta wa Fast ita ce tata: kashi ɗaya cikin uku na sama ne ke lanƙwasawa, sauran jikin a tsaye. Irin wannan sanda kuma tana kawo maka labarin ƙasan ruwa har hannunka, ka bambance taɓin dutse da taɓin kifi. Idan kuwa ƙaramin kifin robarka mai tauri ne mai gaɓoɓi, wanda ke ɗauke da ƙananan ƙugiyoyi masu baki uku, to ka nemi Moderate ko Moderate Fast, wadda ke lanƙwasawa har kusan rabi. Waɗannan ƙugiyoyi ba sa shiga da zurfi, sanda mai tauri tana fizge su daga bakin kifi idan ya girgiza kai. A shago ka roƙi mai kayan ya riƙe kan sandar da yatsu biyu, kai kuma ka ɗaga a hankali, za ka ga inda lanƙwasar ta tsaya da idonka. Kaɗa ta a iska kamar bulala ba ya nuna komai.

Tsawo ba ya bukatar dogon lissafi. Daga kan duwatsu ko gefen kornish, titin nan na bakin teku, ƙafa 8 zuwa 8 da rabi, wato mita 2.44 zuwa 2.59, domin ka yi nisa kuma ka ɗaga zare sama da bakin murjani. A cikin jirgi ko idan kana shiga ruwa da ƙafa, ƙafa 7 zuwa 7 da rabi, mita 2.13 zuwa 2.29. Iskar arewa da ke yawan kaɗawa a gaɓar Jidda tana wahalar da doguwar sanda mai laushi, don haka kada ka wuce ƙafa 9 da irin wannan ƙaramin kaya.

Ka zaɓi ta kabon, ba ta fiba ba. Ta fiba tana jure wahala amma tana da nauyi kuma ba ta jin taɓi, alhali a wannan fatsa jifa ɗaruruwa ake yi a wuni ɗaya.

Sai zobban da zare ke bi. Gishirin Bahar Maliya ya kai wajen giram 40 a kowace lita, ya fi na yawancin tekuna da ke wajen 35, kuma zobba masu arha su ne farkon abin da yake ci. Ka nemi masu ƙafar ƙarfen da ba ya tsatsa, ko titaniyam idan aljihu ya yarda, da ciki mai santsi irin Alconite ko SiC na kamfanin Fuji. Samfurinsu na K an karkatar da ƙafarsa gaba don zare ya zame idan ya naɗe ta. Kafin ka biya kuɗi ka zura ɗan auduga cikin kowane zobe ka juya. Idan auduga ta maƙale, akwai tsaga, kuma tsagar da ido bai gani ba tana cinye zare a hankali har ya tsinke a kan kifi. Idan sandar gida biyu ce, ka haɗa ta ka leƙa ta cikin zobban ka tabbata sun jeru, ka girgiza ka saurara ko mahaɗin yana ƙara.

Ka tafi shagon da makinarka, wato na'urar naɗe zare, ko ka sa a ɗaura maka irinta. Ga wannan aiki makina mai lamba 2500 ko 3000 ta isa, 4000 idan sandar M ce mai ƙafa 8 da rabi. Bayan an ɗaura, ka ɗora sandar a kan yatsa ɗaya daidai gaban makinar. Idan ta tsaya ko ta ɗan sunkuya kaɗan, lafiya. Idan kanta ya faɗi ƙasa da sauri, wuyan hannunka zai gaji tun kafin rana ta ɗaga. Ƙarshen marikin kuma ya tsaya wajen gwiwar hannunka. Wanda ya wuce nan yana kama riga a kowace jifa.

Akwai lamba ta uku a jikin sandar, ta zaren da ya dace da ita, misali PE 0.6–1.2 (PE lambar kaurin zare ce) ko 8–17lb (lb laba ce, ma'aunin ƙarfinsa). Ka saka saƙaƙƙen zaren nan da masu shago ke kira harir, PE 0.8 ko 1, sannan ka ƙulla masa zaren gaba na fuloro, wani zaren roba garai-garai, mai ƙarfin laba 20 zuwa 30, tsawon mita ɗaya ko ɗaya da rabi, da ƙullin da ake kira FG domin siriri ne yana wuce zobba ba tare da karo ba. Inda akam, wato kifin barakuda, ya yi yawa haƙoransa na yanke siririn zaren gaba, sai ka ƙara kauri. Birkin makina, wato abin da ke sakin zare idan kifi ya ja da ƙarfi, a saita shi wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin zaren. Zare mai laba 15 yana ɗaukar wajen kilo 6.8, ke nan birkin ya saki a kilo 1.5 zuwa 2. Robar ruwa mai lita ɗaya da rabi kilo ɗaya da rabi ce: ka ɗaure ta a zaren kai tsaye daga makina, ba ta cikin zobba ba, ka ɗaga, birkin ya fara saki daidai lokacin da za ta bar ƙasa.

Yawancin sandunan kabon da ke karyewa ba kifi ne ya fi ƙarfinsu ba. Mutum ya jawo kifi kusa da ƙafarsa, ya miƙar da sandar sama tsaye, duk nauyin ya koma kan siririn kanta, ta ɓalle. Ka riƙe ta a karkace, ka bar kaurin jikinta ya ɗauki nauyi, kuma kada ka ɗago kifi daga ƙasan katanga da ita, ka yi amfani da koma mai dogon hannu. Idan ƙugiya ta maƙale a dutse, ka nuna sandar kai tsaye ga wurin, ka naɗe zaren a jikin ɗan itace ka ja, domin harir yana yanka tafin hannu. Kan dalma da aka bari yana lilo a mota yana bugun jikin sandar yana barin rauni, kuma daga nan take karyewa bayan kwanaki. Kada ka rataya ƙugiya a cikin zobe, akwai ɗan maƙalin da aka yi don haka kusa da mariki. Kada kuma ka bar ta a rufaffiyar mota cikin zafin rana. Duk ranar da ka dawo ka wanke ta da ruwan famfo, musamman ƙafafun zobba da mazaunin makina, ka raba gidajen biyu su bushe a inuwa kafin ka mayar cikin jaka.

Kafin ka fita gwada sabuwar sanda ka duba allunan da ke gaɓar, domin akwai wuraren da Haras al-Hudud, jami'an tsaron iyakar Saudiyya, suka hana fatsa. Ma'aikatar muhalli da ruwa da noma kuma tana hana kama kifayen najil da taradi a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da suke ƙwai, don haka idan ɗayansu ya cafki kifin robarka a wannan lokaci, ka cire ƙugiyar da filaya ka mayar da shi ruwa.