Kwanciyar kinfin da yawon sitiyarin tsohuwar tarakta

Tsaya a gefen tarakta ka dubi ƙarfen da tayar gaba ke juyawa a kansa, wanda makanikai ke kira kinfin. Ba a miƙe yake cak ba, kansa ya ɗan kwanta baya wajen direba, kamar wuyan keke. Wannan kwanciyar ita ce kasta, ita ke dawo da sitiyari tsakiya bayan an sha kwana. In ta ragu, sitiyari zai yi sakwaf, tarakta ta dinga yawo a titi, kunya ta fito a karkace. In ta yi yawa, sai ya yi tauri, balle a rairayin gonakin Daura inda taya ke nutsewa. In ta gefe ɗaya ta fi ta ɗayan, tarakta za ta riƙa ja zuwa gefen da tasa ta gaza.

Tsofaffi irin su Massey Ferguson 135 da 165 ba su da notin saita kasta, a jikin aksil aka ƙera ta. Saboda haka in ta canza, wani abu ne ya cinye ko ya lanƙwashe, ko kuma girman taya ne ya canza.

Ka ajiye tarakta a daɓen siminti, ka cire garma, ka daidaita iskar tayoyi, ka miƙe sitiyari. Saki igiya mai nauyi a ƙasa daga saman gidan kinfin, ka auna tazararta da jikin ƙarfen ta fuskar gaba da baya. A tsawon santimita 20, kowace milimita 3.5 digiri ɗaya ce. Auna gefen biyu ka gwama su da littafin taraktar.

Sannan ka ɗaga gaba da jak ka girgiza aksil gaba da baya. In yana motsi, bushin fin ɗin tsakiya, wanda ke riƙe aksil a jikin tarakta, ya cinye, yawanci don rashin giris da ƙurar rani. Canza shi tare da bushin kinfin da boris. Lanƙwasasshen aksil kuwa kada a gasa shi da wutar walda a miƙar, ƙarfen rauni yake yi, gara a nemo wani.

Abin da aka fi mantawa shi ne girman taya. A taraktar da tsakanin tayar gaba da ta baya ya kai mita 2, in babbar taya ta ɗaga bayan da santimita 3.5, kasta ta ragu da digiri ɗaya. Haka ma in aka sa ƙaramar taya mai lamba 6.00-16 a gaba inda 7.50-16 ya kamata.