Kafin ka sayi sabon batir, duba altaneta, na'urar da ke yi masa caji

'Yan'uwa masu tsofaffin motoci, idan fitilar batir ta kunnu kana tafiya, ko hasken fitilun gaba yana dusashewa da dare, kada ka yi saurin sayen batir. Sa mai rewaya ya gwada da mita: mota a kashe, batir mai lafiya yana nuna volt 12.6. Idan aka tayar, ya kamata ya hau 13.5 zuwa 14.5. In bai hau ba, caji ne babu.

A fara duba bel ɗin da ke juya altaneta, wani lokaci sakewa kawai ya yi. Sau da yawa kuma burushin cikin altaneta ne ya cinye, canza shi ya fi araha.

Don Allah kada a cire kan batir injin yana aiki da sunan gwaji, yana iya ƙona kwamfutar mota. Idan za a kwance altaneta, a kashe mota, a fara cire wayar negatif ta batir.