Yadda Ake Zaɓen Taima da Wayar Ekstenshan don Manyan Fitilun Shuka na Cikin Ɗaki

Fitilar da ake rainon shuka da ita a cikin ɗaki ba irin ƙwan falo ba ce, domin tana cin wuta mai yawa, kuma tana kunne awa 12 zuwa 18 a kullum, sau da yawa ma a lokacin da mai ita yake barci. Saboda haka, kafin ka sayi taima, wato na'urar da ke kunna fitila da kashe ta a kan lokaci, ka fara da lissafi. Ka duba adadin wat da aka rubuta a jikin fitilar, ka raba shi da ƙarfin wutar gidanka, wato adadin bolt ɗinta, abin da ya fito shi ne amfiya, ma'aunin yawan wutar da fitilar ke ja. Fitilar HPS, wato babban ƙwan sodiyom, mai wat 1000 tare da balas ɗinta, na'urar da ke daidaita wutar da ke shiga ƙwan, tana jan kusan wat 1100, wato kimanin amfiya 5 a wutar bolt 230, ko fiye da amfiya 9 a wutar bolt 120. Ka haɗa da fanka da injin ruwa in suna kan layi ɗaya. Ƙa'idar lantarki ta Amurka ta ce kayan da ke aiki awa 3 ko fiye a jere kada su wuce kashi 80 cikin 100 na ƙarfin layin, wato amfiya 12 a layin amfiya 15, kuma ma'auni ne da ya cancanci a bi shi ko'ina.

Wurin da aka fi yin kuskure shi ne taima. Mutum zai ga an rubuta amfiya 16 da manyan baƙaƙe a kwali, ya ga fitilarsa ba ta kai rabin haka ba, sai hankalinsa ya kwanta. Amma wannan lamba ta kayan da ke jan wuta a hankali ce, irin su hita. Ka juya bayan taimar ka karanta ƙananan rubutun. In ka ga 16(2)A, to lambar da ke cikin baka ita ce iyakarta ga kaya masu naɗin waya a ciki, irin su injin da balas, kuma ita ce ta shafe ka. Dalili kuwa shi ne, a ƙiftawar idon da ake kunna fitilar LED, na'urar da ke ba ta wuta tana zuƙar ninkin-ba-ninkin abin da take ja a sauran lokaci, ita kuma tsohuwar balas tana tayar da tartsatsi a duk lokacin da aka katse ta. Wannan tartsatsin yana cinye ƙananan ƙarafan da ke haɗuwa a cikin taimar sannu a hankali, har wata rana su narke su manne, fitila ta kwana a kunne. Shukar da ke buƙatar duhu ta cutu ke nan, robar taimar kuma tana ta gasuwa.

A ganina, duk fitilar da ta kai wat 600, ko fitilu da yawa a haɗe, gara a sa musu kontakta, wato makunni mai ƙarfi da aka yi don kaya masu cin wuta da yawa. Ita ce ke ɗaukar nauyin wutar, taima kuwa umarni kawai take ba ta. In ba ka saba da wannan haɗi ba, ka kira ƙwararren ma'aikacin lantarki. Inda ake yawan ɗauke wuta, taima mai lambobi da batir a ciki ta fi mai faifai, domin mai faifan tana tsayawa cak, lokaci ya rikice.

Game da ekstenshan, mafi kyau shi ne a kawo soket kusa da fitilar. In ya zama dole, kaurin jan ƙarfen da ke ciki shi ne abin dubawa, ba kaurin robar waje ba. Waya mai 0.75 mm² iyakarta amfiya 6, mai 1.5 mm² kuwa tana ɗaukar kusan 16. A ma'aunin kaurin waya na Amurka, AWG, lamba mafi ƙanƙanta ita ce mafi kauri, don haka 12 ta fi 14, kuma 16 ta yi wa wannan aiki siriri. Ka zaɓi mafi gajarta da za ta kai, mai ƙafa uku da wayar ƙasa. In mai naɗewa a kan gargare ce, ka warware ta duka, domin naɗaɗɗiyar waya tana tara zafi a cikinta har roba ta narke. Kada ka jona ekstenshan a jikin wata, kada kuma ka bi da ita ta ƙarƙashin darduma.

Tun da wurin shuka ba ya rabuwa da ruwa, ka rataye taima da soket a bango sama da tukwane, ka bar wayar ta ɗan sauko ƙasa da soket kafin ta hau, don ɗigon ruwa ya zuba a ƙasa maimakon ya gangara ciki. Ka kuma sa na'urar RCD mai katse wuta da zarar yoyon ta ya kai miliamfiya 30. Bayan awa ɗaya da kunna komai a ranar farko, ka taɓa bayan fulogi da jikin taimar da tsawon wayar. Ɗumi kaɗan ba komai, amma in ka kasa barin hannunka a kai, ko ka ji ƙauri, ko ka ga bakin soket ya yi duhu, ka kashe wutar daga bireka, kada ka sake kunnawa sai an canza abin da ya yi zafin.