Darasi na 7: A Bar Yaro Ya Fita Waje

Iyaye da yawa suna ganin yaron da ya zauna shiru a ɗaki, waya a hannu, shi ne yaron kirki. Ba ya ɓata tufafi, ba ya dawowa da gwiwa a ƙuje, ba a kawo ƙararsa. Hankalin uwa a kwance. Sai dai wannan zaman yana cin yaro ta inda ba a zata ba.

Mu fara da ido, don shi aka fi mantawa. Idon yaro yana girma kamar sauran jikinsa. Idan ƙwayar ido ta yi tsawo fiye da kima, sai yaro ya riƙa ganin na kusa tangaran, na nesa kuwa dishi-dishi. Shi ne za ku ga yana ƙanƙance ido a aji, yana leƙen littafin na kusa da shi, malam kuma ya ɗauka wasa ne ya yi masa yawa. Likitocin ido sun gano cewa hasken rana yana rage wa ido wannan saurin tsawo. Hasken da ke ƙarƙashin bishiya da rana ma ya ninka na ɗaki sau da yawa. A ƙasar Taiwan, inda matsalar ta yi ƙamari, a 2010 hukuma ta buƙaci makarantun firamare su riƙa fitar da yara waje minti 120 kullum. Bayan shekaru abin yana ta hawa, sai yawan yara masu raunin gani ya fara sauka. Ba fa cewa aka yi yaro ya ƙura wa rana ido ba. Wannan lahani yake yi.

Ƙashi ma yana son rana. Idan ta taɓa fata, jiki yana haɗa bitamin D. In babu shi ƙashi ba ya ƙwari, har ƙafafu su lanƙwashe.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗan shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 kullum na wasan da zai sa shi haki. Ta ce ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a gaban waya ko talabijin. Wanda bai kai 2 ba kuwa, kada ma a fara.

Akwai kuma abin da ba a aunawa da minti. Ku dubi yarinya a tsugune, tana kallon tururuwa sun taru a kan mataccen ƙwaro. Sun ja, ya maƙale a tsakuwa, sun zagaya, sun sake ja. Ta sa tsinke ta tare musu hanya don ta ga yadda za su yi. Ba wanda ya ce mata ta nutsu, amma ga ta ta nutsu. In ta tambaye ku ina za su kai shi, kada ku ce ta tashi ta bar ƙazanta. Ku ce, "Mu bi su mu gani."

Tsoron iyaye ba banza ba ne. A duba wurin tukuna, a kwashe fasassun kwalabe, a rufe rijiya da rami. Ruwa kaɗan na iya halaka ƙaramin yaro, don haka a kusa da ruwa dole babba ya tsaya. A fita da safe ko da yamma. Ƙasa a hannu kuwa, sabulu ya ishe ta.

Aiki: Ku huda gindin gwangwani, ku zuba ƙasa, yaro ya shuka iri da hannunsa ya ajiye a waje. Kullum shi zai ba shi ruwa. Ku rubuta ranar da aka shuka da ranar da ya tsiro a littafi, ku zo da shi aji mako mai zuwa.